Sharhi: Hanyar Vennbahn a kan keken haya, daga Aachen zuwa Troisvierges

Duk kamfanin da ke shirya wa mutane tafiyar keke a hanyar Vennbahn, tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke a Turai, abu biyu yake fara faɗa maka: babu mota, babu tudu. Na farkon gaskiya ne kusan ɗari bisa ɗari. Na biyun kuwa gaskiya ne muddin tayarka na kan tsohon layin dogon, amma ba a kan layin dogo ake kwana ba, kuma ba a kansa garuruwan da ake son gani suke ba. Ni da mai ɗakina mun yi hanyar daga farkonta har ƙarshenta ta hannun wani ƙaramin kamfani da ya ba mu hayar kekuna, ya kama mana masauki, yake kuma ɗaukar mana akwatuna daga otal zuwa otal. Na ji daɗin tafiyar ƙwarai, kuma zan ba kowa shawarar ya yi ta, sai dai akwai abubuwan da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi.

Hanyar tana da tsawon kilomita 125. Tana tashi daga birnin Aachen a Jamus, ta ratsa gabashin Beljiyam, ta ƙare a Troisvierges a arewacin Lukzambag. Gwamnatin Furushiya, tsohuwar masarauta a Jamus, ita ce ta shimfiɗa layin a shekarun 1880, domin jigilar kwal daga yankin Aachen zuwa masana'antun ƙarfe na Lukzambag da yankin Lorraine, wanda yau yake cikin Faransa, a kuma ɗauko tama a dawo da ita. Jirgin ƙasa mai nauyin kaya ba ya iya hawan tudu mai tsauri, saboda haka injiniyoyin wancan zamani suka fasa duwatsu, suka gina gadoji, suka yi ta kewaye-kewaye domin kada hawan ya wuce kamar kashi 2 cikin 100. Wannan wahalar tasu ita ce mai keke yake cin moriyarta yau. An kammala mayar da layin hanyar keke a 2013, kuma mafi yawanta kwalta ce sumul.

Abin da kamfanin ya ba mu a safiyar farko: keke mai giya da yawa a gare ni, keke mai batir ga mai ɗakina, jaka guda a gefen kariya, makulli, famfo, tib na ko-ta-kwana da kayan faci, da ɗan littafin taswira. Hular kwano sai ka nema tun wajen yin rajista. Kekunan ba sababbi ba ne, amma an kula da su. Sarƙa ta sha mai, birki na kamawa da ɗan taɓi, giya na shiga ba tare da ƙara ba. Inda suka gaza shi ne wajen miƙa keken. Saurayin da ya kawo su yana sauri, ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya ɗaga sirdi da ido kawai, ya ce ya yi. Sirdin ya yi ƙasa, kuma irin mai faɗi ne mai laushi wanda yake da daɗi a minti goma na farko, bayan awa uku kuwa sai ka riƙa neman dalilin sauka. Wanda zai yini a kan keke ya cancanci a tsaya a auna masa: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Kada ka bar mai kawo keken ya tafi sai an yi maka wannan, kuma in kana da sirdin da ka saba da shi, taho da abinka.

Daga Aachen hanyar hawa take yi a hankali na kusan kilomita 40, har ta kai sama da mita 500 daga matakin teku. Ido ba ya ganin hawan, cinya ce take ba da labari wajen la'asar. Kafin a fita birnin ya kamata a shiga babbar majami'ar da aka binne Sarki Charlemagne a cikinta a shekarar 814, wadda UNESCO ta sa cikin jerin farko na kayan tarihin duniya a 1978. Daga nan sai Kornelimünster da tsofaffin gidajenta na dutse, sai tashar Raeren inda tsofaffin taragu ke tsaye suna tsatsa a gefen hanya, sai daji.

Dajin nan shi ne abin da na biya kuɗi dominsa, kuma ban yi asara ba. Dogayen itatuwa ne masu ganye kamar allura, jere a layi, irin waɗanda Furushiyawa suka yi ta dasawa a yankin a ƙarni na 19. In ka shiga tsakaninsu iska takan yi sanyi nan take, ƙamshin ƙaro da danshin ƙasa ya cika hanci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jikina ya saki. Wanda ya saba tuƙa keke a cikin motoci, rabin hankalinsa kullum yana bayansa, kunne a buɗe, kafaɗa a ɗaure. A nan sai da na yi tafiya mai nisa kafin na lura na daina waiwaye. Muna tafe kafaɗa da kafaɗa muna hira da muryar da ake hira da ita a ɗaki, ba ka jin komai sai sautin taya a kan kwalta da kukan tsuntsaye. Amma a kiyaye: hanyar tana tsallaka titunan mota a wurare da dama, musamman wajen Roetgen, kuma a yawancinsu mai keke ne zai tsaya. Bayan awa guda cikin shiru, mutum yakan manta da mota a duniya.

A wannan yankin ne kuma hanyar take da wani tarihi da littafin kamfanin ya taƙaita a layi biyu, abin da ya ba ni haushi, domin shi ne ya bambanta Vennbahn da sauran hanyoyin keke. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ba Beljiyam yankunan Eupen da Malmedy, daga baya hukumar shata iyaka ta haɗa mata da layin dogon kansa da tashoshinsa, har a wuraren da layin ya ratsa ƙasar Jamus. Sakamakon haka, akwai inda kwaltar da kake takawa Beljiyam ce, gonar da ke damanka Jamus, gidan da ke hagunka ma Jamus. Layin ya yanke gutsattsarin ƙasar Jamus guda biyar daga uwar ƙasa. Ɗaya daga ciki ƙauyen Mützenich ne sukutum, wani kuma, Rückschlag, gida ɗaya ne tak da lambunsa. Babu shinge, babu jami'i, sai ƙananan duwatsun iyaka a cikin ciyawa, gefe ɗaya an sassaƙa B na Beljiyam, ɗaya gefen D na Deutschland, wato Jamus. Na sauka na durƙusa gaban ɗaya daga cikinsu, gansakuka ta rufe rabin harafin. Mutanen da suka rayu a nan sun ga an canja musu ƙasa, an canja musu takardu, ba tare da sun motsa daga gidajensu ba. Kamfanin da ke kai baƙi wannan wuri ya kamata ya ba wannan labari shafi guda aƙalla.

Yanzu ga maganar tudu. Masaukinmu na farko a Monschau yake, kuma duk wanda ya ga garin zai gane dalili: gidaje masu farin bango da baƙin katako a bakin kogin Rur, titunan dutse ƙanana, da Jan Gidan nan da attajirin masaƙa Johann Heinrich Scheibler ya gina wajen 1760, lokacin da garin ke cin kasuwar tufafin ulu. Amma Monschau a can ƙasan kwari take, layin dogon kuwa a sama ya wuce. Da yamma ka gangara kana matse birki, kana murna. Da safe, ciki cike da karin kumallo, ƙafa ba ta warware ba, sai ka hau abin da ka sauka. Mai ɗakina ta danna madannin batir ta wuce ni kamar an tura ta, ni kuwa na ƙarasa ina tura keke. Babu laifi a tudun. Laifin kamfanin shi ne bai faɗa ba. Mun iske wasu dattawa biyu a tsakiyar hawan, su ma da keken kamfanin marar batir, matar ta zauna a kan dutse tana haki, mijin yana ta duba littafin taswirar ko akwai wata hanya. Da an gaya musu gaskiya tun farko, da sun zaɓi keke mai batir, ko sun nemi masauki a sama.

Shi keken batir, ga wanda bai taɓa hawa ba, ba babur ba ne. Dole ka taka feda kafin injin ya taimaka, kuma bisa dokar Tarayyar Turai taimakon yana yankewa in ka kai kilomita 25 a awa. A kan layin kansa ba dole ba ne. A wajen layin, da kuma ranar da iska ta fuskance ka a fili, shi ne bambancin wanda ya isa masauki da fara'a da wanda ya isa a galabaice. Ana cire batirin a yi masa caji a ɗaki da dare, kuma bai taɓa ƙarewa a hanya ba.

Bayan Monschau ana wuce gadar Reichenstein, a kai Kalterherberg. A ƙauyukan nan za ka ga shingen itace da aka yi wa aski, tsayinsa ya kai rufin gida, an huda masa ƙofa da taga. An raine shi ne shekara da shekaru domin tare iska da ruwan da ke bugowa daga yamma. Wannan ma ya isa ya gaya maka irin yanayin wurin: ko a tsakiyar bazararsu, rigar ruwa da rigar sanyi su kasance cikin jakar kariya, ba cikin akwatin da motar kamfani ta tafi da shi ba.

Hotunan tallar kamfanin cike suke da fadamar Hohes Venn, da gadojin katako a kan jan ciyawa, kusa da Signal de Botrange, wuri mafi tsayi a Beljiyam mai mita 694. A sani cewa hanyar keken gefen fadamar take bi, ba ta shiga cikinta. Gadojin katakon na masu tafiya a ƙasa ne. In kana son ganinta sai ka ratse daga Sourbrodt, ka kulle keke, ka taka, kuma in an kafa jar tuta saboda haɗarin gobara, ba a shiga. Ta cancanci rabin yini, amma jadawalin kamfanin bai bar wannan sarari ba sai ka nemi ƙarin kwana.

Daga Waimes, inda ake Faransanci, zuwa St. Vith, inda ake Jamusanci, makiyaya ce da shanu, tafiya mai sauƙi. St. Vith ba ta da tsofaffin gine-gine sosai, domin an ragargaza ta da bama-bamai a Disambar 1944 lokacin gumurzun Ardennes na Yaƙin Duniya na Biyu. Jigilar kaya kuwa ta yi aiki yadda aka yi alkawari: ka ajiye akwati a wajen karɓar baƙi da safe, ka iske shi a otal na gaba. A St. Vith ne kawai akwatin ya makara, muka zauna da jiƙaƙƙun kaya har bayan magariba, amma da na kira lambar da suka ba mu mutum ne ya ɗauka, ya faɗi inda direban yake, kuma lokacin da ya ce shi ne ya iso.

Yankin ƙarshe, ta kwarin kogin Our da kangon fadar Burg-Reuland, shi ya fi kowanne kyau a idona, kuma shi ya fi ƙarancin jama'a. Shaguna ba su da yawa, a cika gorar ruwa tun daga St. Vith. Dab da ƙarshe akwai tudu na biyu. An rufe tsohon ramin jirgi na Huldange saboda jemagun da suka mayar da shi gida, don haka hanyar takan bar layin ta haura ta samansa, hawa mai tsauri a lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Ba shi da nisa da Kneiff, wuri mafi tsayi a Lukzambag mai mita 560. Na goyi bayan a bar wa jemagun raminsu, sai dai wannan hawan ma littafin ya kira shi ɗan kewaye. Daga can gangara ce har tashar Troisvierges, inda kamfanin ya karɓi kekunansa. Tun Maris 2020 shiga jirgin ƙasa da bas kyauta ne a cikin Lukzambag in ba ɓangaren alfarma za ka zauna ba, amma mai komawa Aachen ta birnin Liège na Beljiyam zai tsallaka iyaka, don haka sai ya yanki tikiti, kuma wannan ba ya cikin abin da ka biya kamfanin.