Rumbun The Gazette a intanet: ina amfaninsa ga mai bin sawun hafsoshin Balakalaba?

Ranar 25 ga Oktoba 1854, mahaya dawakin Birtaniya kimanin 670 suka yi sukuwa cikin wani kwari a Balakalaba, yankin Kirimiya, suka tunkari igwogin Rasha gaba da gaba. Fiye da mutum 100 suka mutu. Labarin wannan rana ya sha maimaici, amma wanda ke son sanin yadda hafsoshin suka kai ga muƙamansu, da abin da ya zama makomarsu bayan yaƙi, sai ya koma ga jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, wadda ake bugawa tun 1665. Tsofaffin fitowarta suna shafin The Gazette, kyauta, kuma ana iya sauke kowane shafi a matsayin PDF. Hukuncina a taƙaice: wajen tabbatar da ranar ƙarin girma babu kamarsa, amma injin bincikensa yana wahalar da wanda bai san yadda ake rubuta sanarwar soja a wancan zamani ba.

Dole a fara da fahimtar tsarin. Har zuwa 1871, yawancin muƙaman sojan doki da na ƙasa saye ake yi. Farashin hukuma a rundunonin dawaki na gama-gari shi ne fam 840 ga konet, wato ƙaramin hafsa na farko, fam 1,190 ga laftanar, fam 3,225 ga kyaftin, fam 4,575 ga manjo, sai fam 6,175 ga laftanar-kanar. Mai hawa sama yana biyan bambancin da ke tsakanin muƙaminsa da na gaba. Kowane irin wannan ciniki yana fitowa a jaridar cikin layi guda ƙarƙashin kan War-Office: sunan runduna, sunan hafsa, sabon muƙami, sannan "by purchase" idan saye ne ko "without purchase" idan ba a biya ba, sai kalmar "vice" da sunan wanda ya bar gurbin.

Wannan layi guda shi ne duk darajar rumbun. Hafsan da aka kashe a fagen fama kuɗin muƙaminsa ya tafi ke nan, iyalinsa ba su da abin sayarwa, kuma na ƙasa da shi ya hau ba tare da ya biya ko kwabo ba. Saboda haka idan ka buɗe fitowar ƙarshen 1854 ka bi rundunoni biyar da suka yi harin, za ka ga ƙarin girma marasa kuɗi sun jeru, kowanne da sunan mamacin da ya bar gurbi. Kyaftin John Oldham, wanda ya jagoranci runduna ta 13 ya kuma mutu a kwarin, yana cikin masu barin irin wannan gurbi. Daga nan kana iya bin sarƙar baya da gaba: wa ya gaji wa, kuma yaushe.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a zaɓi bugun Landan kaɗai, a taƙaita kwanan wata zuwa shekara ɗaya ko biyu, a saka sunan iyali na hafsan a gurbin neman jimla daidai-wa-daida. Kada a haɗa da sunan farko tun farko, domin wani lokaci an rubuta shi cikakke, wani lokaci an taƙaita. A lokacin, jaridar tana fita Talata da Juma'a, ban da fitowa ta musamman idan labarin yaƙi ya iso, kamar wadda ta ɗauko rahoton Lord Raglan, babban kwamandan sojan Birtaniya a Kirimiya, kan Balakalaba a Nuwamba 1854.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. Lord Cardigan, wanda ya ja harin, bai zama Cardigan ba sai 1837 da ya gaji mahaifinsa. Duk hawansa na gaggawa, daga konet a 1824 zuwa laftanar-kanar a 1830, da karɓar runduna ta 15 a 1832, da cire shi daga kanta a 1834, da dawowarsa kan runduna ta 11 a 1836, sun faru ne yana Lord Brudenell. Wanda ya rubuta Cardigan a gurbin bincike ba zai ga ko ɗaya ba. Haka Lord Lucan, shugaban dukan sojan dokin: sunansa Lord Bingham lokacin da ya karɓi runduna ta 17 a 1826, bai zama Lucan ba sai 1839, ya kuma kai fil-mashal a 1887. Godfrey Morgan, kyaftin a runduna ta 17, ya bar soja jim kaɗan bayan harin, ya shiga majalisa, kuma daga 1875, da ya gaji sarautar mahaifinsa, sai dai a neme shi da sunan Lord Tredegar. Shafin ba ya haɗa waɗannan sunaye da kansa, wannan kuwa babban giɓi ne.

Sunan runduna ma yana yaudara. Littattafan tarihi suna cewa 17th Lancers ko 11th Hussars, amma sanarwar 1854 takan jera su a matsayin Light Dragoons. A nemi lamba da wannan suna. Rundunoni na 4 da na 13 kuwa ba su koma Hussars ba sai 1861.

Matsala ta uku daga na'ura take. Kwamfuta ce ta karanta hoton tsofaffin shafuka ta mayar da su rubutu, kuma inda tawada ta dushe ko aka raba suna a ƙarshen layi, sai ta gurɓata shi. Rashin sakamako ba hujja ba ce cewa sanarwar babu ita. Maganinsa a nemi sunan wanda ya gaji gurbin, ko a buɗe fitowar makon a karanta da ido. A lura kuma: ranar da aka buga sanarwa daban, ranar da muƙamin ya fara aiki daban, kuma ta biyun ce ke ƙayyade wanda ke gaba da wani. Muƙamin girmamawa da ake kira brevet yana zuwa a sashensa na daban can ƙasa, ba ƙarƙashin runduna ba, mutane da yawa suna tsallake shi.

Akwai abin da rumbun ba zai taɓa faɗa maka ba. Kuɗin da ake ƙarawa a bayan fage sama da farashin hukuma, wanda ga manyan rundunoni yakan ninka shi ko ma fiye, ba ya cikin jarida domin haramun ne a doka. Dalilin cire mutum ma ba kasafai yake fitowa ba. Aikin da aka yi wa wata ƙasa babu shi: Kyaftin Louis Nolan, wanda ya kawo umarnin harin ya kuma mutu tun farkonsa, ya yi shekaru a sojan dokin Ostiriya kafin ya shiga na Birtaniya a 1839, kuma ɗan runduna ta 15 ne, wadda ba ta cikin biyar ɗin.

Inda rumbun ya fi burge ni shi ne kan mutum irin Alexander Dunn, laftanar a runduna ta 11, haifaffen Kanada. Lambar yabon jarunta ta Victoria Cross da ya samu saboda ceton sojoji a harin tana fitowar 24 ga Fabrairu 1857, da bayanin abin da ya yi. Ya sayar da muƙaminsa a 1855, ya dawo a 1858 cikin runduna ta 100 ta sojan ƙasa, ya koma ta 33, ya rasu a 1868 lokacin yaƙin Habasha. Mai tsayawa kan rundunonin dawaki kaɗai zai ɗauka aikinsa ya ƙare a 1855.

Don cike giɓin, a haɗa da Hart's Army List, jerin hafsoshi na shekara-shekara da ɗakin karatu na ƙasar Sikotlan ya ɗora a intanet kyauta. Shi yana jera ranakun muƙaman mutum a wuri guda, har da taƙaitaccen bayanin yaƙe-yaƙen da ya halarta. A ɗauki ranar daga can, a koma The Gazette a buɗe fitowar makonni biyu zuwa uku da ke kewaye da ita, a rubuta lambar fitowa da ta shafi kafin a rufe.