Haɗaɗɗen garin matcha ko zallarsa: wanne za ki saya?

'Yar'uwa, kin ce kina son fara haɗa matcha, wato garin koren shayin Japan, mai ɗanɗano a gida, irin na vanila ko na sitiroberi, amma kin rasa wanda za ki ɗauka: haɗaɗɗen garin nan da ke zuwa da sukarinsa da ƙamshinsa, ko kuwa zallar matcha ki riƙa ƙara abin da kike so da hannunki. Na daɗe ina shan duka biyun, kuma ba zan ɓoye miki ba, zallar na fi so. Amma bari in jera miki su ki gani da idonki.

Sai kin san mene ne matcha ɗin kansa za ki gane abin da ake sayar miki. Ganyen shayi ne, daga bishiyar da ake samun baƙin shayi da koren shayi, sai dai a Japan ana yi wa gonar rumfa kamar mako uku zuwa huɗu kafin a tsinki ganyen. Rashin rana kan sa ganyen ya ƙara kore, ɗacinsa ya ragu. Sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyi da itatuwan, a niƙa. Dutsen niƙa na gargajiya giram 30 zuwa 40 kacal yake fitarwa a awa guda, kin ga dalilin da ya sa mai kyau ba ya arha. Uji da ke kusa da Kiyoto da Nishiyo ta lardin Aichi suna cikin wuraren da suka yi suna a kansa. Ki riƙe wannan: matcha ba ya narkewa a ruwa yadda sukari ke narkewa. Ganyen ne kike sha gaba ɗayansa, yana yawo a cikin ruwan, in kin bar shi ya kwanta a ƙasan kofi.

To, haɗaɗɗen garin. Ki juya bayan fakitin ki karanta jerin kayan da ke ciki. A yawancin ƙasashe abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, kuma sau da yawa sukari za ki tarar a farko, sai garin madara, matcha kuwa yana can na uku ko na huɗu. Wannan sukarin ne ma ke sa shi sauƙin damawa, domin yana raba ƙwayoyin garin, ba sa samun damar dunƙulewa. Ki zuba, ki juya da cokali, shi ke nan, babu gudaji. Ga matafiyi, ko mai gaggawar safiya, ko wanda bai taɓa ɗanɗana matcha ba yana son ya gwada, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, kuma ba na raina shi. Matsalarsa ita ce an ɗaure miki hannu. In zaƙi ya yi miki yawa kika rage gari, kin rage shayin ma, sai ya zama madara mai ɗan kore-kore. In kina son ɗanɗanon ganyen ya fito kika ƙara, zaƙin ya ishe ki. Fakitin vanila kuma vanila ne har ya ƙare.

Zallar matcha tana buƙatar aiki, amma aikin bai wuce na minti uku ba. Cokalin shayi ɗaya, wato kamar giram 2, ki tankaɗe shi a 'yar rariya kai tsaye cikin kwano. Kada ki tsallake tankaɗen nan, garin ya yi laushi sosai har yana manne wa juna, kuma gudajin da ya shiga ruwa da wuya ya fashe. Ki zuba ruwan zafi mililita 60, wanda bai wuce digiri 80 ba. Tafasasshen ruwa yana fito da ɗaci da bauri, shi ya sa mutane da yawa ke cewa ba sa son matcha alhali ƙona shi aka yi musu. In ba ki da ma'aunin zafi, ki sauke ruwan ki bar shi ya huce na 'yan mintuna. Sai ki kaɗa da maburgin gora, wanda Japanawa ke kira chasen, kina kai hannu gaba da baya da sauri maimakon zagayawa, har ƙananan kumfa su rufe saman. In babu maburgin, kwalba mai murfi ta wadatar: ki zuba gari da ruwan ɗumi ko na sanyi, ki rufe, ki jijjiga da ƙarfi.

Wurin ɗanɗano ne tazarar ta fi fitowa. Ki dafa sukari da ruwa daidai wa daida har ya narke, ki sauke, ki ɗiga vanila, ki adana a firij. Kin samu ruwan zaƙin da zai kai ki kamar mako biyu, kuma ke ce mai auna cokali ɗaya ko rabi. Zuma ma tana tafiya da matcha, sai dai a narkar da ita a ruwan ɗumi tukuna, don ba ta bin madara mai sanyi. Madarar kwakwa tana rufe baurin ganyen sosai, kirfa kuwa kaɗan ake sakawa, in ta yi yawa ita kaɗai za ki ji.

Na sitiroberi shi na fi so in haɗa wa baƙi. Ina yanka 'ya'yan kamar biyar, in ɗora a wuta da cokali ɗaya na sukari har su saki ruwa su yi laushi, in danna su da bayan cokali, in bar su su huce sarai. Su ne ke zama a ƙasan kofin gilashi. Sai ƙanƙara, sai madara mai sanyi, sannan in tsiyaya matcha a hankali a kan ƙanƙarar. Ja a ƙasa, fari a tsakiya, kore a sama, kore yana sauka siriri-siriri cikin farin. Babu haɗaɗɗen garin da zai ba ki wannan, kuma tsamin 'ya'yan itace na gaske daban yake da ƙamshin da aka sarrafa.

Sai dai nan ne mai haɗawa da hannu ke iya yin ɓarna, haɗaɗɗen garin kuwa ya kare ki daga ita. Tsami yana dusar da koren matcha ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma yana tsinka madara, musamman mai zafi. Don haka duk abin da ke da tsami, sitiroberi ne ko lemon tsami, a yi shi da sanyi, a sha nan take. Lemon tsami ma gara a haɗa shi da ruwa da ƙanƙara, a bar madara gefe. Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke daskarar da madara mai ɗumi, ɗanyar abarba kuma tana sa madara ɗaci in ta jima. Dafa su cikin ruwan sukari yana kashe wannan ƙarfin nasu.

Game da wace zallar za ki saya, kada rubutun gwangwani ya ruɗe ki. Rabon da ake yi tsakanin "na bikin shayi" (wato na shan shayin gargajiyar Japan) da "na girki" harshen 'yan kasuwa ne, babu dokar da ta tsayar masa da ma'auni. Mafi tsada, na tsinkar farko a bazarar Japan, an yi shi ne don a sha da ruwa zalla, kuma lallausan ɗanɗanonsa ɓacewa yake a cikin madara da sukari. Na tsaka-tsaki mai ɗan ƙarfi ya fi dacewa da abin da kike so. Ki duba launi: kore shar nake nema, wanda ya karkata zuwa rawaya ko toka ya tsufa ko tun asali ba mai kyau ba ne. Ki shafa kaɗan da yatsa a farar takarda, mai kyau zai ja layi sumul, ba za ki ji tsakuwa-tsakuwa ba.

Akwai kuma batun kafeyin, sinadarin shayi da kofi mai hana barci. Giram 2 na matcha na ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 90, ya danganta da ganyen. Da zallar kin san nawa kika zuba, da haɗaɗɗen kuwa sai in kamfanin ya rubuta. Mai juna biyu ko wadda barci ke yi wa wuya tana buƙatar wannan sanin.

Inda haɗaɗɗen ya sake yin gaba shi ne ajiya, tun da sau da yawa a ƙulle yake ɗaya-ɗaya. Zallar matcha da zarar an buɗe ta, iska da haske da zafi sun fara cin ta. In sau ɗaya kike sha a mako biyu, haɗaɗɗen ya fi miki. In kuwa kusan kullum ne, ki sayi ƙaramin gwangwani na giram 30, kofi 15 ke nan, ki rufe shi gam a firij nesa da abinci mai ƙarfin ƙamshi, ki shanye cikin wata ɗaya zuwa biyu. Duk ranar da kika fito da shi, ki bar gwangwanin ya saki sanyi kafin ki buɗe, kada raɓa ta sauka a kan garin.