Na kai gitata aka sake mata fenti aka tsufar da ita a Garwa, ga yadda aikin ya fito

Masu ta tambayata waye ya yi min aikin gitar nan kuma ko ya ci kuɗinsa, toh amsar a taƙaice ita ce fentin ya yi, ya yi sosai ma, amma tsufarwar rabi da rabi ce. Da wani zai nemi shawarata a nan Garwa cewa zan yi ya biya kuɗin fenti da gyaran bayan wuya kawai, sauran ya bar wa rana da zufa su yi masa kyauta.

Gitar Squier ce, wato irin masu arahar nan na kamfanin gita na Fender, samfurin Stratocaster, ƙirar Indonesiya, ta hannu na saya wajen wani da ke kawo kaya daga Duwala, baƙa wuluk mai sheƙi. Sautinta ba laifi. Matsalar fentin ne, irin poliyesta mai kaurin nan da ake zuba wa gitoci masu araha, in kana wasa a wajen biki cikin zafin Afrilu tafin hannunka sai ya dinga mannewa a bayan wuyan kana ja yana riƙe ka, kuma in ta bugu da wani abu ba gogewa take ba ɓantarewa take yi kamar tangaran, ta bar maka farin rami mai kaifin baki, nawa har biyu ne a gindinta tun kafin ta zo hannuna.

Dan wanda bai san tushen abin ba, gitocin Fender na farko, wato Telecaster da ta fara fitowa a 1950 da wani suna daban da kuma Stratocaster ta 1954, da fentin nitiro aka fesa su, shi ne dai wanda kafintocinmu da masu garaj ke ce wa selilozik. Siriri ne, kuma da shekaru sai ya yi rawaya, ya tsattsage, ya goge a duk inda hannu ke yawan taɓawa har katako ya leƙo. Bayan CBS ta sayi kamfanin a 1965, zuwa ƙarshen shekarun 1960 aka koma poliyesta saboda ya fi ƙarko kuma ya fi saurin aiki a masana'anta. Sai mutane suka dawo suna neman tsoffin suna son kamanninsu, har a 1995 Fender ta fara sayar da sabbin gitoci da aka tsufar da gangan da sunan Relic, Gibson ma daga baya ta buɗe nata sashen mai suna Murphy Lab. Guda ɗaya daga cikin waɗannan ta haura sefa miliyan biyu tun ba a yi maganar kwastan ba, toh ni ina na ga wannan.

Wanda ya yi min aikin wani dattijo ne mai fentin mota, ba zan sa sunansa a nan ba, ya taɓa fesa wa 'yan kiɗan coci gitoci shi ya sa aka nuna min shi. Kuma kai gita garaj ba wani abin dariya ba ne in ka san tarihin, dan launukan da Fender ta yi suna da su daga motoci aka ɗauko su, fentin kamfanin DuPont ne, Fiesta Red na Ford ne, Surf Green na Chevrolet, Sonic Blue kuma wanda na zaɓa na Cadillac ne ta 1956. Na nuna masa hoto a waya nace Baba so nake ku fesa min ita wannan shuɗin mai haske, in ta bushe kuma ku tsufar min da ita ta zama kamar ta yi shekara hamsin ana kaɗawa. Ya daɗe yana kallona, yace ɗana, ni rayuwata duk ɓoye tsatsa nake yi yau kai ka zo da kuɗinka ka ce in kawo ta? Yaran garaj ɗin suka kwashe da dariya. Amma ya karɓa, kuma gaskiya da ya fara sai ya ɗauki abin da zafi fiye da ni.

Kwance gitar ni na yi a gida, na cire wuya, na cire farantin roba da mikro ukun masu ɗaukar sautin tsirkiya a jikinsa, na cire jakin ƙarfen da tsirkiya ke hawa kai da sifirin ɗin baya, na ɗauki hoton wayoyin kafin in yanke komai. Wannan kar ka bar wa mai fenti, ba aikinsa ba ne. Sannan ka tsaya a kansa ya rufe ramin da wuya ke zama da sikoci, dan in fenti ya taru a wurin wuyan ba zai koma daidai ba, tsayin tsirkiya ya canza maka.

Cire tsohon fentin shi ne wahala. Maganin cire fenti da ake sayarwa a kankayeri ko gezau poliyestan bai yi ba, sai da ya sa na'urar hura iska mai zafi yana bi da wuƙar kankara kaɗan kaɗan, a cikin lanƙwasar ƙahon ƙasa ya ɗan ƙona katakon amma fenti ya rufe. Abin da ke ƙasa kuwa guntayen katako ne da aka haɗa da gam, launinsu ma ba ɗaya ba, ga mastik a wasu wurare. Saboda haka duk mai Squier ko wata ta Sin da ke mafarkin a yi masa irin fentin nan mai nuna zanen katako a tsakiya da duhu a gefe, ya fara kankare wani ɗan wuri a ƙarƙashin farantin ya leƙa tukunna, yawanci ba abin nunawa a ciki.

Wajen fesawa ne na sara wa mutumin. Ya haɗa launin da ido, fari da ɗigon shuɗi, yana gwadawa a jikin wani guntun ƙofar mota yana kaiwa rana yana dawowa har ya dace da hoton. Shi ne ma ya zaɓi lokacin, yace kar a yi da damina dan laima na shiga ƙarƙashin selilozik ya yi fari fari kamar hazo ya kwanta a kai, kar kuma a jira hunturu ya kankama dan ƙura za ta zauna a jiki, ga bazara kuma diliyan, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na tashi tun fentin na iska kafin ya sauka sai jikin ya yi ƙurji ƙurji. Ya rage mana Nuwamba kenan. Da asuba yake fesawa bayan ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, shafi siriri siriri, farin share fage a ƙasa sai launi sai verni, wato shafin nan mara launi mai sheƙi, a sama, kuma kyawun nitiro kowane sabon shafi narkewa yake ya haɗe da na ƙasansa, shi ya sa da wani ƙwaro ya faɗa ciki gogewa kawai ya yi ya sake fesa wurin babu ko tabo. A vernin ƙarshe ya ɗiga rawaya kaɗan, shuɗin ya karkata zuwa kore kore daidai yadda tsoffin na gaske ke komawa. Wallahi launin nan ko a hoto ba ya fitowa yadda yake a ido.

Inda muka ɗan ja da shi jira ne. Shi ya saba mota, a fesa yau a goge jibi mai ita ya zo ya ɗauka. Nitiro a kan katako yana son kusan wata ɗaya a rataye kafin a sa masa samfefa mai laushi da man gogewa, in ka sa hanci kana jin warin diliyan ko ka danna farce a ɓoyayyen wuri ya bar alama toh bai yi ba. Ya yi mita cewa na cika masa rumfa amma ya haƙura.

Sai tsufarwar. Tsattsagewar nan ta tsoffin gitoci sanyi da zafi ne ke kawo ta, katako da fenti ba sa miƙewa da takurewa tare sai fentin ya tsage. Dabarar da ake yi ita ce a sa jikin a firiza a fito da shi cikin zafi. Mun roƙi wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da folere a unguwar ta ba mu wuri, mun naɗe shi a leda, wuta kuma tana ta zuwa tana tafiya. Ya ɗan tsage a kewayen ramukan sukuru, kuma waɗannan sun yi kyau, amma sauran jikin ya ƙi, dan selilozik na yanzu ana sa masa sinadarin da ke hana shi ƙandarewa, masu yin sa ai ba sa son ya tsage. Sai Baba ya ɗauki reza ya ƙarasa da hannu, ya shafa man takalmi ruwan kasa ya goge dan layukan su fito. Daga nesa sun yi. In ka matso za ka ga sun miƙe sambal kuma tazararsu ɗaya, alhali tsagewar gaske yawo take yi, ta rabu biyu, ta tsaya a hanya, ta taso daga inda aka taɓa bugewa. Hannun mai fentin mota ya saba da layi madaidaici, ba ya iya yin ɓarna ba tsari.

Haka wurin da dantse ke gogawa, da samfefa ya ci shi ya fitar da wani zagaye mai tsaftataccen baki, kuma ya ɗan sauka ƙasa da inda hannuna ke zama, dan shi ba ya kaɗa gita bai san inda take ciwo ba. Tabon bugu da ya yi da tarin makullai a gefuna da gindi sun yi daidai, amma ya ƙara wasu a tsakiyar fuska inda ba abin da ke taɓawa. In za ka yi, rataya gitar a jikinka a gabansa ka kaɗa, a sa alli a zana inda dantse da maɓallin bel ke taɓawa, kuma ka ce ya tsaya tun kana ganin kamar bai isa ba.

Ƙarafan su ne abin da ya fi ɓata min rai. Ana sa su ne a rufaffen bokiti kusa da ɗan kofin asid irin na wanke tayil, tururin ne ke dusashe sheƙin, mintuna kaɗan sun isa. Shi ya bar su sun wuce ƙa'ida, farantin baya da murfin jak, inda ake jona waya, sun fito da kyau, amma ƙananan sukurun da ake ɗaga tsirkiya da su a kan jakin sun ci tsatsa sun ƙafe, makulli ba ya juya su, sai da na aika Yola aka nemo min wasu. Allah ya sa maɗauran tsirkiya da mikro suna gida ban kai su ba. Duk abin da ke juyawa kar ya je kusa da asid. Robobin kuma an jiƙa su a baƙin shayi da kofi, maɓallan sauti sun kama sun yi launin hauren giwa, farantin ya ƙi, ana goge shi da tsumma ya koma fari.

Bayan wuyan kuwa, nan ne kuɗina ya dawo. Ya cinye sheƙin da samfefa har kusa da katako ya shafa mai siriri ya goge, yanzu hannu zamewa yake ko ana zufa. Da wannan kaɗai aka yi min ma da na gode.

Maganar sauti, akwai masu rantsuwa cewa nitiro na barin katako ya yi numfashi gita ta ƙara daɗi. Ni dai a ampili ɗina ban ji wani bambanci ba, mikro ɗin nan ne tsirkiyar nan ce. In ba a jona ba kamar ta ɗan fi amo a ƙirji, amma wannan ba zan yi musu da kowa a kai ba.

Abin da ya sa nace a bar wa gari tsufarwar shi ne abin da na gani bayan na fara fita da ita. Hunturu na shiga, ka ɗauko ta a baƙar jaka a kan moto cikin rana ka je ka yi wasa a fili har dare ya raba sanyi ya sauko, sai ga tsagewa ta gaske na fitowa da kanta kusa da jakin, sirara masu reshe, sun kunyata na rezan da ke gefensu. Inda dantsena ke zama na gaskiya shi ma ya fara dusashewa sama da zagayen Baba, yanzu tabo biyu gare ni a wurin. Turawan da ke biyan miliyoyi gitocinsu a ɗaki mai sanyi suke kwana cikin akwati, mu da zafi ke wuce 40 a Maris da Afrilu ba mu da wannan matsalar.

Sai dai nitiro na da shagwaɓa, a sani. Robar da ke jikin abin jingine gita tana narkar da shi, nawa ya bar baƙin layi a baya sai na naɗe wurin da tsumman auduga. Man sauro na shafawa da turare mai barasa su ma suna cin sa, mu kuma ga mu da son turare, a wanke hannu kafin a ɗauka. Kar a bar ta a but ɗin mota da rana dan fentin na laushi zanen jaka ya fito a jiki. Kaifin bakin furet, wato ƙarafan da ke jere a wuyan gitar, da za ka ji da rani kuma ba laifin mai fenti ba ne, katakon wuya ne ke bushewa ya takure.

Duka duka da kayan aiki da ladan hannu sefa dubu 45 na kashe, ban da sukurun Yola. Fenti da diliyan ni na saya da kaina dan in tabbata selilozik ne ba irin mai haɗi biyu na motocin yanzu ba, wancan in ya bushe ya zama dutse ba zai taɓa tsufa ba, ka duba gwangwanin da idonka. Wanda kuma Allah ya sa tsohuwar Fender ko Gibson ta gaske ta faɗo hannunsa, irin waɗanda ake tsinta a tsoffin ƙungiyoyin kiɗa na Njamena ko Yawunde, dan Allah kar ya kai ta garaj ko da fentin ya zube rabi, masu saye na rage kusan rabin kuɗin in an sake fenti. Aikin nan na Squier ne da ire-irenta.

Abokin wasana mai bas zai kai tasa bayan damina, Fiesta Red yake so, mun riga mun gaya wa Baba fenti da bayan wuya kawai, ba reza ba asid.