Kwas ɗin hutu da ake koyar da yara da Gizo da Dodo: abin da na gani bayan wata biyu

Tunda mata da yawa sun tambaye ni a WhatsApp kan kwas ɗin hutun da na sa yarana, bari in faɗi gaba ɗaya. Wurin yana nan unguwar Garin Malam cikin Zinder, wata Madam ce da ta yi ritaya daga lakwal ta buɗe cikin gidanta, ita da wani saurayin mushe, wato malamin makaranta, mai taimaka mata, jaka uku ta sefa kowane yaro a wata, safe zuwa sha biyu, ban da Juma'a da Lahadi. Na sa yarana biyu, babban zai shiga CM1, aji biyar na firamare, auta kuma yanzu ta gama CI, aji ɗaya.

Abin da ya kai ni shi ne kalkil. Babban nan in ya ga lissafi a kaye, littafin rubutunshi, jikinshi sanyi yake, a kompozisiyo, wato jarrabawa, ta ƙarshe sai da ya yi kuka, ba wai bai da kai ba, tambayar ce da Faransanci take shige mishi duhu kafin ma a zo ga lamba. Ranar farko da na kai su na tsaya bakin ƙofa na ji Madam ta ce gatanan gatananku, yara suka amsa baki ɗaya, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Madam ba a tatsuniya da rana, mutum ɓata yake, ta ce to ku zo mu ɗaure Gizo tukuna. Wallahi sai da na tuna kakata, rabona da jin wannan maganar tun ina ƙarama.

Labarin Bayajidda ta ba su ran nan, da macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura wadda ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Tana gamawa ta ce to, gidanku bido 4 kuke sha kullum, kowace bido lita 25, in ran Juma'a kaɗai za a ɗiba, bido nawa za ku tara, lita nawa ke nan? Yaron Damagaram ai ba a koya mishi zancen bido, da idonshi yake ganin layi a pampo lokacin zafi, shi ake aike wurin ɗan garuwa. Ɗana ya duƙa kan ardwazi ya fiddo 28, ya fiddo 700, ya zo gida yana ƙirga bidunanmu na tsakar gida yana ce mini Mama namu ba su kai mu Talata ba. Daga nan mushen ya zana musu hanya a allo, Zinder, Kance, Matamaye, Ɗan Barto, a ƙetare iyaka sai Daura, ga labarin ƙasa ya shigo ba su ma sani ba.

Amma darasin da ya fi shiga raina na Dodo ne. Kun san yadda muke tsorata yara da Dodon ruwa don kar su je tabki da damina, kuma ba sa ji. Ita sai ta ba su labarin har suka yi tsit, sannan ta fiddo kwalba da wasu 'yan ƙananan dodon koɗi ciki, ta ce ga Dodon gaskiya na tabki, cikin jikin wannan ƙwayar tsargiya ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Shekara nawa ina faɗa da yaron nan kan wankan tabki, bana ko sau ɗaya bai je ba, har abokanshi yake hanawa.

Gizo kam kullum yana nan. Da shi suka koyi cewa gizo-gizo ƙafa 8 gare shi, ƙuda da tururuwa 6, kuma da tsamin bakinshi take koya wa ƙanana bambanta sa da sha, ta yi maganar Gizo su kuma su gyara mishi. Kuma na yaba da yadda take raba abu biyu. Ran da ta kai su Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ganin duwatsu da fada, ta ce musu Gizo da Ƙoƙi tatsuniya ce, amma Sarki Tanimun da ya gina ganuwa mutum ne da ya rayu, kuma garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin a maida Yamai a 1926, wannan a rubuta a kaye.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, yara sun haura talatin, manya da ƙanana a haɗe, in an ɗauke wuta zafi ba a magana. Haɗin nan ne ya ja ranar da aka yi labarin Doguwa mai zama cikin tsamiya, don a shigo da darasin itatuwa, auta ta kwana uku ba ta yarda ta fita fitsari da dare sai na raka ta, ga tsamiya a ƙofar gidanmu. Na je na samu Madam na ce don Allah irin wannan a bar wa manya, ta karɓa da hannu biyu, ta ba ni haƙuri, amma ya kamata tun farko a raba su. Sannan Faransancin ya yi kaɗan, ana gane abu da Hausa sarai, amma a ƙara minti ko ashirin a sake faɗin tambayar yadda za ta zo a lakwal, don can ba Gizo zai tambaye su ba.

In yaronki ya kai shekara takwas kuma karatu na ba shi tsoro ki kai shi, jaka ukun ba ta tahi banza ba. Babban zan maida shi baɗi in Allah ya kai mu, auta kuwa sai in an buɗe wa ƙanana ɗakinsu.