Sauya ƙotar bindigar farauta a Maraɗi: itace, roba ko ƙarfe?

Mai neman sabuwar ƙota ya fara sanin cewa ba a sayen ta da ido. Kowace ƙota an fafe cikinta ne daidai da ƙarfen bindiga iri ɗaya, wato sashen da kunama take, inda aka ɗaura bututu. Wadda aka yi wa bindiga ƙirar Remington 700 ba za ta karɓi Tikka T3x ba, ta CZ 457 kuma ba ruwanta da Baikal mai baki ɗaya da maharbanmu suka fi sani. Ko a Remington 700 ɗin ma akwai mai gajeren ƙarfe da mai dogo. Duba sunan da lambar da ke jikin ƙarfenka kafin ka tambayi kuɗi.

Bayan wannan, yanayin garinmu ne alƙali. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na tsotse danshin komai, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, sannan damina ta sauka. Itace na shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar ƙyauren katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta. In ƙota ta motsa ko kaɗan ta taɓa bututun bindiga, saitin da ka yi da rani ya tashi: ka auna nan, harsashi ya faɗa can. Shi ya sa itacen walnat da ake yin ƙota da shi a ƙasashen waje, duk da kyansa da daɗinsa a hannu, yake buƙatar a shafe shi da mai ciki da waje, har ƙarƙashin robar gindi inda ba a gani.

Masassaƙanmu na iya fitar da ƙota daga maɗaci ko madobiya, kuma ga bindiga mai baki ɗaya da ake harbin zabi da kurciya daga kusa, wannan ya wadatar, muddin icen ya bushe sosai kafin a sassaƙa. Ƙirya ta cika nauyi, a bar wa turmi. A lura da wuyan ƙotar, inda hannu ke riƙewa: in jijiyar icen ta gitta wurin maimakon ta bi tsawonsa, nan za ta tsage.

Ni dai wadda na fi yarda da ita a nan ita ce ta fallayen itace da aka jera aka manne da gam mai ƙarfi, irin wadda kamfanin Boyds na Amurka ke yi. Gam ɗin ya toshe hanyar danshi, ba ta cika murɗewa ba, ba ta ƙona hannu a rana, nauyinta kuma na rage dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa. Aibinta shi ne nauyin nan dai, in za ka yini kana taka daji.

Ta roba iri biyu ce, kuma nan ake cutar mutane. Mai arha, musamman baƙa, in ta sha rana gabanta na laushi. Matsa shi da yatsu biyu, in ya lanƙwasa ya taɓa bututu, ajiye ta. Mai kyau ita ce wadda aka sa wa gadon alminiyam a ciki, kamar Magpul Hunter, ko ta zaren gilas irin ta kamfanin McMillan, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne. Ta alminiyam zalla, irin ta kamfanin MDT, ta masu gasar harbi ce da ke kwance ko zaune a inuwa. Saitinta ba ya motsi, amma ka bar ta a rana a watan Afrilu ka ga ko za ka iya ɗora mata kunci.

Sai awon jiki, wanda aka fi mantawa. Tsawo daga kunama zuwa ƙarshen gindi a yawancin bindigogi yana wajen santimita 34 zuwa 35. Rufe ido, ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, buɗe. In sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kunci kafin ka ga saiti, ƙotar ba taka ba ce. Mai madubin hange na buƙatar wurin ɗora kunci mai tudu, ko wanda ake ɗagawa a sauke. Bayan an ɗaura, a irin da aka yi don bututu ya tsaya ba ya taɓa komai, zura takarda ƙarƙashinsa; ya kamata ta wuce salin alin har kusa da ƙarfen.

Maganar takardu ba ta tsallakuwa, balle yadda iyakarmu da Najeriya take a ƴan shekarun nan. Riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta kuma dokar 1998 ce ke tafiyar da ita, lasisi na hannun ma'aikatan gandun daji, kuma gandun Gadabeji ba wurin harbi ba ne. Kafin ka yi odar ƙota daga waje, je ka tambayi kwastan abin da suke nema, domin shagunan intanet da yawa ba sa aika kayan bindiga ƙetare sai sun ga takarda.