Hattara da akwatin "sanyaya iskar inji" da ake tallata wa masu mota mai sufacaja

Jama'a, masu motocin da ke da sufacaja (na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), musamman waɗanda suka sa mata ƙaramin fuli (wilin da bel ke juyawa) don ƙara ƙarfi, a yi hattara. Akwai masu tallata wani ɗan akwati a Facebook da WhatsApp, mai wayoyi biyu, wani lokacin da 'yar fitila mai ƙyaftawa. Suna cewa da zarar mai riwaya ya jona shi, zafin iskar da ke shiga inji zai sauka da digiri 30 ko 40, ba sai an taɓa intakula (na'urar da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji) ba. Har bidiyo suke nunawa, a ga lamba tana sauka a kan kwamfutar gwaji. Lambar tana sauka da gaske. Iskar kuwa tana nan da zafinta.

Sufacaja matse iska take yi, kuma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. A rana mai digiri 40, irin ta Afrilu a Kano ko Sakkwato, idan matsin ya kai 0.8 a ma'aunin "bar", iskar da ke fitowa daga sufacaja kan haura digiri 120 kafin ta bi ta intakula. Ƙaramin fuli yana sa ta juya da sauri, matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru. A Mercedes E55 AMG, da Range Rover da Jaguar masu injin lita 5.0, da Audi masu injin 3.0 TFSI, ruwa ne ke ɗauke wannan zafi: famfon lantarki yana tura shi ta cikin intakula, ya kai shi wani ƙaramin lagireto da ke gaban mota, iskar hanya ta sanyaya shi, ya dawo. Irin wannan tsari ba ya iya sanyaya iska ƙasa da zafin waje. Sai fa in an zuba ƙanƙara a tankin, ko an haɗa ruwan da gas ɗin iyakwandishan. To duk wanda ya nuna maka digiri 20 a kan allo alhali gari yana 40, ka san wasa aka yi da lamba.

Abin da ke cikin akwatin rezista ne guda ɗaya (ɗan abin da ke tirje wa gudun lantarki, ana auna tirjiyarsa da om), irin wanda masu gyaran rediyo ke saye da ƙaramin kuɗi, an lulluɓe shi da baƙin gam don kada a gani. Sensar da ke auna zafin iska, tirjiyarta ga lantarki raguwa take yi idan zafi ya hau. A sensar Bosch da aka fi sani, kusan om 2,500 ne a digiri 20, kusan 1,175 a digiri 40, kusan 320 a digiri 80. Idan aka saka rezista mai om 1,000 a kan layin, iska tana 80, ƙwaƙwalwar mota (kwamfutar da ke sarrafa inji) za ta ga om 1,320, ta ɗauka zafin bai kai 40 ba.

Nan ne ɓarnar take. Ƙwaƙwalwa tana lura da wannan lamba ne don ta kare inji. Idan iska ta yi zafi sai ta ja taimin (lokacin da fulogi ke ba da wuta) baya, mota ta yi nauyi. A E55 har sakin sufacajar take yi gaba ɗaya idan abin ya yi yawa. Direba yana jin haushin nauyin, amma shi ke hana fetur fashewa kafin lokacinsa a cikin silinda. Da an rufe wa ƙwaƙwalwa ido, sai ta bar taimin a gaba, iska tana tafasa. Kwanakin farko motar za ta yi kamar ta farfaɗo, mai ita ya yi ta yabon akwati, 'yan damfara su ɗauki saƙonsa su ƙara talla da shi. Sensar ƙwanƙwasa, mai jin ƙarar irin wannan fashewar fetur, tana ɗan taimakawa, amma ita sai ƙwanƙwasar ta auku take ji. Ana cikin haka, a wani dogon taki a kan babbar hanya, bakin fulogi ya narke, ko gefen fistin da ke riƙe ringi ya tsage, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone. Idan fetur ɗin da aka sha bai kai ingancin da injin ke buƙata ba, abin ya fi saurin zuwa.

Gano shi ba wuya. Da sassafe, kafin a tayar da mota, a jona kwamfutar gwaji: zafin iskar shiga da na ruwan inji da na waje su zo kusa da juna, bambancin 'yan digiri kaɗan. Idan na iska ya faɗi ƙasa sosai, an sa wani abu a layin. Sai a zaga da motar, a taka ta. Lambar gaskiya tana hawa idan an taka, ta sauko idan an saki. Wadda ta tsaya cak ba daga sensa take fitowa ba. A kuma ɗora mita a kan wayoyin akwatin. In ta nuna om iri ɗaya ko yaushe, rezista ne kawai.

Gyaran gaskiya daga famfo yake farawa, domin shi ke mutuwa shiru, ba hayaniya. A tayar da mota, a taɓa jikinsa a ji yana rawa, a leƙa tanki a ga ruwa yana yawo. Idan intakula ta yi zafi amma lagireton gaba yana da sanyi, ruwa ba ya tafiya: ko famfo ya mutu, ko iska ta shiga tiyo, a fitar da ita. A nan ma akwai ha'inci, domin ana sayar da jabun famfo da tambarin manyan kamfanoni. Kafin a ɗaura sabo, a ba shi wuta daga batir, a sa bakinsa a bokitin ruwa, a ƙirga lokacin da zai ɗauka ya cika jarka mai lita 20, a gwada da adadin da kamfanin ya rubuta.

Bayan famfo, a wanke haƙarƙarin lagireton da ƙurar hunturu ta toshe, da ruwa marar ƙarfi don kada su lanƙwashe. A duba kada tiyo ya karye a kwana. Wanda ya rage fuli, ya sa lagireto babba ko ya ƙara na biyu, da tanki mai ɗaukar ruwa da yawa, da fanka saboda cunkoso. A motar da ruwan intakula ke haɗe da na inji, a raba su. Ruwan ya zama tataccen ruwa da maganin hana tsatsa, ba na rijiya ba. Matatar iska kuma ta ja daga wajen bonet, ba daga kusa da salansa ba. In an yi duk wannan zafi bai sauka ba, fulin ya yi ƙanƙanta, a koma na asali.

Wanda ya riga ya sa akwatin, ya cire shi yau, a mayar da wayoyin sensa yadda suke, a yi musu walda da dalma a naɗe da kyau. A kwance fulogi duka a duba bakinsu ko akwai narkewa ko ɗigon ƙarfe, sannan a auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, kada a ƙara taka motar sai bakanike ya leƙa cikin silindar.