RV ɗin da muka ɗauka zuwa Atlanta: ɗaki da falo, amma babu ruwan alwala

Ni na matsa a gida sai mun yi hayar RV, wato motar tafiya mai ɗakin kwana a ciki, don haka rabin laifin nawa ne. Hajiyarmu ta zo daga Zariya ganin jikoki, yara sun samu hutun ƙarshen shekara, ƙanwata da ke Atlanta kuma kullum waya sai mun kai mata ita. Daga Columbus ta jihar Ohio tafiyar ta kusa mil 570, mu shida, ga Hajiya da ciwon gwiwa, ga yawan zagayawa saboda ciwon suga. Na ce motar da ke da gado da bayi da kicin ai ita ce maganin abin.

Motar ƙafa 30 ce, irin mai gado a saman kan direba, lasisin tuƙi na yau da kullum ya wadatar. Yaron kamfanin hayar da ya zagaya da ni yana zuba kamar ana korarsa. Ya nuna janareta, ya nuna gas, a tsakiyar maganar ya ce an yi wa motar shirin hunturu. Na gyaɗa kai. Ni a zatona albishir ne, wato an duba hita.

Mun wuce Cincinnati, mun tsallaka Kentucky a kan babban titin I-75, la'asar ta yi, na samu wuri na tsaya. Hajiya ta ce, "Kai, a tara mini ruwa a buta." Maman yara ta murɗa famfo, sai ga wani abu launin ruwan hoda ya tsiyayo, daga nan sai iska. Ta koma famfon bayi, haka. Na kira kamfanin, na fi minti 20 ina sauraron kiɗa kafin wata ta ɗauka. Ashe shirin hunturun nan nufinsa an juye ruwan motar kaf, an ɗura maganin hana daskarewa a bututu don kada sanyi ya fasa su. Ta ƙara da cewa in na kuskura na cika tanki bututu ya fashe, ni zan biya. "Yana cikin takardar da ka sa wa hannu," in ji ta. Na duba, yana ciki kuwa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. To amma hoton shawa da famfo fa da suka jera a tallarsu? Mutumin da ya gaya muku zai ɗauki tsohuwa a watan Disamba, ai sai a kalle shi ido da ido a ce masa babu ruwa.

Galan takwas na ruwan sha na saya a gidan mai. A ɗora tukunya a murhu, a sirka a buta, Hajiya ta yi alwala a cikin roba, ni in fita cikin sanyin nan in zubar. Haka muka yi kowace salla, zuwa da dawowa. Ba ta ce uffan ba, wanda ya fi mini ciwo fiye da a ce ta yi faɗa.

Gaskiya dai akwai inda motar ta biya ni. Daren da muka kwana kusa da Knoxville, hita na aiki, an ɗumama tuwo da miyar kuka, yara na rigimar wa zai hau gadon sama, Hajiya ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Ba neman abincin halal a bakin titi, ba shimfiɗa darduma a filin ajiye motoci mutane na kallo. A daren nan da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya gwada.

Sai dai man da take sha. Mil 9 a galan in ta yi kirki, ga kuɗin kowane mil daban, ga janareta ana lissafa shi da awa. A hawan duwatsun Jellico kuwa, duk tirelar da ta gifta sai motar ta yi rawa, na riƙe sitiyari har kafaɗata ta sage. Mun isa Atlanta, kwana ɗaya ƙungiyar masu gidajen unguwar ƙanwata ta aiko cewa ba a ajiye irin motar a ƙofar gida. Muka kai ta wani fili muna biya, mu kuma muka baje a falo, abin da na ɗauko ta don mu guje masa.

Kuma a Jojiya, jihar da Atlanta take, babu wani sanyin kirki. Na sake kiran su ko zan iya cika tankin yanzu, aka ce zan iya, amma kafin in doshi arewa sai na biya an sake juyewa an ɗura maganin. Na haƙura, muka ci gaba da galan.

Da na mayar, sun cire kuɗin shara daga ajiyata saboda ɗigon manja a kujera. Wannan kam sun gan shi, babu wanda ya yi sauri a wurin. In zan sake, sai da bazara, kuma ba a wurinsu ba. Maman yara ta ce ko da bazarar ma, in je ni da butata.